Siyasar numfashi: Yadda matacin iska ya raba Amurkawa gida biyu

Ranar Laraba 7 ga watan Yunin 2023, sararin samaniyar birnin New York ya rine ya koma ja kamar garwashi da tsakar rana. Hayaƙin gobarar dajin da ke ci a lardin Quebec na ƙasar Kanada ne iska ta kwaso zuwa kudu, ta jibge shi a kan birni mafi yawan jama'a a Amurka. Ma'aunin ingancin iska ya haura maki 400, alhali duk abin da ya wuce 300 hukumomi na ɗaukarsa a matsayin haɗari ga kowa da kowa, har da masu cikakkiyar lafiya. An dakatar da jiragen da ke shirin sauka a filin jirgin LaGuardia, an ɗage wasanni, makarantu sun hana yara fita filin wasa. A wannan shekarar, gobara ta cinye kimanin hekta miliyan 15 na dazukan Kanada, adadin da ƙasar ba ta taɓa gani ba a tarihinta.

Shawarar da hukumomi suka bai wa jama'a ba ta da tsawo: a zauna a gida, a rufe tagogi, a kunna na'urar sanyaya gida, a tabbata akwai matacin iska mai inganci a cikinta. Shawara ce mai kyau ga wanda ke da na'urar, yake da ikon taɓa ta, yake da kuɗin mataci da na lantarki, kuma aikinsa bai tilasta masa fita ba. Ga miliyoyin mutanen da suka rasa ɗaya daga cikin waɗannan, maganar ba ta wuce fatar baki ba.

Tun daga annobar korona zuwa gobarar da ta ƙone gine-gine fiye da 16,000 a yankin Los Angeles a watan Janairun 2025, wannan ɗan faifan takarda mai lanƙwashe-lanƙwashe da ake zurawa cikin na'ura ya zama abin da ake dogaro da shi wajen kare huhun jama'a. Yana aiki ƙwarai, kimiyya ta tabbatar. Tambayar da ta rage ta siyasa ce: alhakin wa ne ya tabbatar da cewa iskar da mutum ke shaƙa a ɗakinsa, a ajinsa da wurin aikinsa ba za ta cutar da shi ba?

Abin da matacin ke yi

Yawancin gidajen Amurka suna da tsari guda na ɗumama gida lokacin sanyi da sanyaya shi lokacin zafi. Wata babbar fanka ce ke zuƙo iska daga ɗakuna, ta bi da ita ta cikin na'ura, sannan ta mayar da ita ta bututai zuwa kowane ɗaki. Ƙididdigar hukumar tattara bayanan makamashi ta ƙasar ta 2020 ta nuna cewa kusan gidaje tara cikin goma suna da iyakwandishan, kuma kimanin kashi biyu bisa uku na gidajen suna amfani da irin wannan tsari na gida gaba ɗaya. A bakin inda iska ke shiga na'urar ake sanya mataci.

Asalin manufar matacin ita ce kare injin daga gashi, zare da ƙura mai kauri. Lafiyar mazauna gidan daga baya ta shigo lissafi. Shi ya sa mai araha da ake samu a gidaje da yawa bai wuce raga mai manyan ƙofofi ba, wadda hayaƙi ke ratsawa kamar yadda ruwa ke bin rariya.

Abin da likitoci suka fi tsoro shi ne ɓurɓushin da ake kira PM2.5, wato ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce maikiron 2.5 ba, kimanin kashi ɗaya cikin 30 na kaurin silin gashin ɗan Adam. Saboda ƙanƙantarsu, hanci da maƙogwaro ba sa iya tare su. Suna kutsawa can cikin huhu, mafiya ƙanƙanta ma har cikin jini, inda suke tayar da asma, su tsananta ciwon zuciya, su ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Hayaƙin gobarar daji cike yake da su.

Ƙungiyar injiniyoyin ɗumama da sanyaya gine-gine ta Amurka, ASHRAE, ita ce ta fitar da ma'aunin da ake auna ƙarfin mataci da shi, wanda ake kira MERV, daga lamba 1 zuwa 16. Mataci mai lamba 8 yana kama akalla kashi 70 cikin 100 na ƙura mai girman maikiron 3 zuwa 10, amma ma'aunin bai ɗora masa wani sharaɗi ba a kan ƙwayoyin da ba su kai maikiron ɗaya ba. Mai lamba 13 kuwa dole ne ya kama akalla rabin ƙwayoyin da ke tsakanin maikiron 0.3 da 1, da kashi 85 na waɗanda ke tsakanin 1 da 3, da kashi 90 na manyan. Tun da iskar gidan tana zagayawa ta cikinsa sau da yawa a yini, kowane zagaye yana rage abin da ya saura. Wannan ne dalilin da ya sa lamba 13 ta zama mizanin da hukumomin lafiya ke ambata.

Sama da shi akwai nau'in HEPA, wanda ke kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyi masu girman maikiron 0.3. An ƙirƙiro shi a shekarun 1940, aka yi amfani da shi wajen tare ƙurar nukiliya a shirin ƙera bam na Amurka. Yana da matsi sosai, fankar gida ba ta iya tura iska ta cikinsa, don haka an fi samunsa a asibitoci da kuma ƙananan na'urorin tace iska da ake ajiyewa a ɗaki.

Iyakar ƙarfinsa

Masu talla ba su cika faɗin cewa sayen mataci mai kyau rabin aiki ne ba. Duk yadda ƙofofin mataci suka ƙanƙance, haka iska ke shan wahalar wucewa. Tsohuwar na'ura mai raunin fanka za ta iya gazawa: iskar da ke isa ɗakuna ta ragu, injin ya yi zafi, ko bututun sanyi ya daskare. Injiniyoyi na magance wannan da mataci mai kaurin inci 4 ko 5, wanda yawan lanƙwasarsa ke bai wa iska fili mai faɗi. Sai dai gurbin da aka yanka a gidaje da yawa na inci ɗaya ne, faɗaɗa shi kuwa aikin makaniki ne da ke buƙatar kuɗi.

Na biyu, mataci ba ya tace komai sai fanka na juyawa. A tsarin da aka saba, fankar tana tashi ne kawai idan na'urar na ɗumamawa ko sanyayawa. Wanda ke son kariya ranar hayaƙi sai ya bar ta a kunne dare da rana, ya kuma shirya wa takardar kuɗin wuta. Na uku, idan matacin bai zauna daram a gurbinsa ba, iska takan bi ta gefe ta wuce da dattinta. Na huɗu, yakan toshe, musamman a lokacin hayaƙi, dole a riƙa sauya shi. Sannan ƙwayoyi kaɗai yake kamawa. Iskar gas mai guba da ke fita daga ƙonewar roba, fenti da kayan gida tana wucewa abinta, sai an haɗa da gawayi na musamman.

Kowanne daga cikin waɗannan sharuɗɗa yana komawa ga abu biyu: kuɗi, da ikon yanke hukunci a kan ginin da mutum ke zaune a ciki.

Darasin korona

Kafin 2020, maganar iskar cikin gini ta injiniyoyi ce kawai. A farkon annobar, hukumomi sun fi mayar da hankali ga wanke hannu da goge tebura. Sai a watannin Afrilu da Mayun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar daƙile cututtuka ta Amurka, CDC, suka bayyana ƙarara cewa cutar tana yaɗuwa ta ƙananan ƙwayoyin da ke shawagi a iskar ɗaki, bayan masana sun shafe fiye da shekara suna jan hankali.

Daga nan ido ya koma kan makarantu, abin da aka gani kuwa bai yi daɗi ba. Wani rahoton ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka, wanda ya fito a watan Yunin 2020, ya ƙiyasta cewa kashi 41 cikin 100 na gundumomin ilimi suna buƙatar gyara ko sauya na'urorin iska a akalla rabin makarantunsu, kimanin makarantu 36,000 ke nan. A watan Maris na 2021 majalisa ta ware wa makarantu dala biliyan 122 cikin shirin farfaɗowa na Shugaba Joe Biden, aka kuma yarda a kashe wani ɓangare a gyaran iska. Amma ba a tilasta wa kowa ba. Kowace gunduma ta zaɓi abin da ta ga ya fi mata, kuma wa'adin kuɗin ya ƙare.

A watan Mayun 2023, CDC ta ba da shawarar a riƙa sauya iskar ɗaki akalla sau biyar a kowace awa, a kuma yi amfani da mataci mai lamba 13 ko sama. A shekarar ce ASHRAE ta fitar da sabon ma'auni mai lamba 241 kan rage yaɗuwar cututtuka ta iska a gine-gine. Dukansu ci gaba ne, amma dukansu shawara ce. Ba su zama wajibi a kan mai gini ba sai jiha ko ƙaramar hukuma ta shigar da su cikin dokarta. Ƙasar Beljiyam ta ɗauki wata hanya: a watan Nuwamban 2022 ta kafa doka a kan ingancin iska a wuraren da jama'a ke taruwa a rufe.

Dokar da ta tsaya a bakin ƙofa

Amurka na da tarihin nasara wajen tsaftace iskar waje. Dokar tsaftar iska ta 1970 ta bai wa hukumar kare muhalli, EPA, ikon ƙayyade hayaƙin masana'antu, tashoshin lantarki da motoci. Tsakanin 2000 da 2020, matsakaicin yawan PM2.5 a ƙasar ya ragu da kimanin kashi 40 cikin 100. Babu wanda ya sayi wannan tsafta a kanti. Attajiri da mai shara duk sun shaƙe ta tare, domin an tare gurɓatar tun daga tushenta.

Dokar tana da giɓi biyu da suka fito fili yanzu. Na farko, ikonta ya tsaya a bakin ƙofa. EPA da kanta tana cewa Amurkawa na shafe kusan kashi 90 cikin 100 na lokacinsu a cikin gini, amma babu wani mizanin tarayya da ya wajabta ingancin iskar cikin gidaje. Na biyu, hayaƙin gobarar daji ba shi da bututun da za a ɗaura wa doka. Akwai ma tanadin da ya bai wa jihohi damar neman a cire ranakun hayaƙin gobara daga lissafin ko sun cika mizani, bisa hujjar cewa lamari ne na ba-zata. Ranar takan fita daga takarda, amma abin da aka shaƙa ya riga ya shiga ƙirji.

Wani binciken masanan Jami'ar Stanford ƙarƙashin Marshall Burke, da mujallar Nature ta wallafa a 2023, ya gano cewa hayaƙin gobara ya rage saurin ci gaban ko ya mayar da shi baya a kusan kashi uku cikin huɗu na jihohin ƙasar, ya kuma cinye kimanin rubu'in nasarar da aka tara cikin shekaru. Sauyin yanayi na tsawaita fari da zafi, wuta na samun busasshen daji.

A watan Fabrairun 2024, gwamnatin Biden ta tsaurara mizanin PM2.5 na shekara daga maikirogiram 12 zuwa 9 a kowace kubik mita ta iska. Mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 shi ne 5. Ƙungiyoyin masana'antu da jihohi da dama na 'yan Republican sun garzaya kotu, suna cewa matakin zai hana buɗe sababbin masana'antu ya kashe guraben aiki. A watan Maris na 2025, shugaban EPA na gwamnatin Donald Trump, Lee Zeldin, ya sanar da cewa za a sake duba wannan mizani tare da wasu dokokin muhalli da dama. Duk lokacin da kariyar gama-gari ta ja baya, nauyin na faɗawa kan kowane magidanci shi kaɗai, sai ya zama kowa tasa ta fisshe shi.

Wa ke da mataci, wa ke da huhu kawai

Kimanin kashi ɗaya cikin uku na iyalan Amurka 'yan haya ne. Ɗan haya ba shi da ikon yanka gurbin mataci ko sauya fanka, mai gida kuma ba shi ke shaƙar iskar ba, don haka ba ya jin zafin da zai sa ya kashe kuɗi. Tsofaffin gidaje masu tsagaggun tagogi, waɗanda talakawa suka fi zama a ciki, sun fi shigar da hayaƙi ko da an rufe ƙofa. Wani binciken da Burke da abokan aikinsa suka wallafa a 2022 ya nuna cewa idan hayaƙi ya sauka, mazauna unguwannin masu hali sun fi neman bayanan kariya a intanet, sun kuma fi zama a gida. Leburan gona, magini da mai kai saƙo a kan keke ba su da wannan zaɓi.

Jihar Kalifoniya ta nuna cewa doka na iya shiga tsakani. Tun 1 ga Janairun 2020 dokar gine-ginenta ta wajabta mataci mai lamba 13 a sababbin gidaje. Tun 2019 kuma ta tilasta wa masu ɗaukar ma'aikata su samar da takunkumin N95 idan ma'aunin hayaƙi ya kai 151. Ta kuma fara tallafa wa cibiyoyin iska mai tsafta, wato ɗakunan karatu da zaurukan jama'a da aka sanya wa na'urori domin waɗanda gidajensu ba su da kariya su fake. Raunin tsarin a bayyane yake: dokar gini ta shafi sababbin gidaje ne, talaka kuwa a tsoho yake kwana.

Akwatin kwali da salatif

A 2020, wani farfesan injiniyan muhalli mai suna Richard Corsi ya kawo shawarar a haɗa matatai da fanka mai siffar akwati. Jim Rosenthal, shugaban wani kamfanin matacin iska a jihar Texas, ya haɗa ya gwada. Tsarin mai sauƙi ne: matatai huɗu masu lamba 13 a matsayin bango, kwali a ƙasa, fanka a sama, a ɗaure da salatif. Gwaje-gwaje sun nuna cewa wannan akwati na iya fitar da iska mai tsafta daidai da na'urorin kanti da suka ninka shi tsada, ko ma fiye. Malamai, iyaye da ɗalibai sun haɗa dubbai, har a 2024 jihar Connecticut ta amince da dala miliyan 11.5 domin samar da su a makarantun gwamnati.

Akwatin ya tabbatar da cewa fasahar ba ta da wuya kuma ba ta da tsada. Ya kuma tona asiri: a ƙasa mafi ƙarfin tattalin arziki a duniya, iyaye ne suka riƙa liƙa kwali da hannunsu domin 'ya'yansu su numfasa a aji. Inda abu ke da araha haka amma bai kai ga kowa ba, matsalar tana wurin masu yanke shawara.

Gemun ɗan'uwa

Mai karatu a Kano, Maraɗi ko Maiduguri bai buƙatar a fassara masa jan sararin sama. Duk hunturu, iskar arewa maso gabas na kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, busasshen gindin tsohon babban tafki, wanda masana ke ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. Hazon kan hana jirage sauka, ya cika asibitoci da masu tari da asma. Wani binciken da mujallar Nature Sustainability ta wallafa a 2020 ya danganta ƙurar Bodele da ƙaruwar mutuwar jarirai a Afirka kudu da Sahara. A kan wannan sai a ɗora hayaƙin janareta, na tsofaffin motoci, na ƙona bola da na girki da itace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida, galibi daga girki da itace, gawayi da kananzir, ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020.

Tsarin Amurka ba zai kwafu kai tsaye ba. Gidajenmu ba su da bututan iska, iyakwandishan ɗin bango da masu hali ke sakawa kuma ragarsa ƙura mai kauri kawai take tarewa. Fanka ma sai da wuta. Amma darasin siyasar ya shafe mu kai tsaye. Idan aka bar tsaftar iska a hannun kasuwa, za ta tsaya a ofisoshin bankuna, otal-otal da gidajen manya, yayin da ɗakin jarirai a babban asibiti da ajin firamare mai yara ɗari za su ci gaba da shan ƙura.

Akwai kuma batun awo. A watan Maris na 2025, ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta daina wallafa bayanan ingancin iska da na'urorin ofisoshin jakadancinta ke tattarawa a ƙasashe da dama, tana mai kafa hujja da ƙarancin kuɗi. A wasu biranen Afirka waɗannan na'urori na cikin 'yan kaɗan da ake iya dogaro da su. Ƙasar da ba ta auna iskarta da kanta ba za ta iya gargaɗin jama'arta ba, balle ta san inda za ta fara gyara. Najeriya na da hukumar tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, NESREA, tun 2007, jihohi kuma na da ma'aikatun muhalli da kasafinsu na shekara-shekara.

Abubuwan da matasa masu bibiyar kasafi za su iya nema a fili suke. A kafa na'urorin awo a manyan birane, a riƙa sanar da sakamakon kullum a rediyo da Hausa kamar yadda ake sanar da hasashen damina. A sanya sharaɗin iska da tacewa cikin kwangilar gina asibitoci da makarantu, a fara da ɗakunan haihuwa da na masu ciwon ƙirji, inda wutar sola za ta iya juya fanka. A sauƙaƙa farashin gas ɗin girki da murhu mai rage hayaƙi, domin tare hayaƙi daga tushe ya fi tace shi araha. Sannan idan ɗan takara ya zo neman ƙuri'a da alƙawarin gadar sama, a tambaye shi nawa ya ware wa iskar da masu bin gadar za su shaƙa.